Akwatin Mai Jan Ƙafa

"Kada ki bari murfin ya yi ƙara," in ji Baba Injiniya. Yana zaune a kujerarsa ta katako, ya ba ni baya, fuskarsa na kallon bango kamar wanda aka yi wa horo a makaranta. "Na san kukan murfin kowane akwati. In na ji, gwajin ya ɓaci."

"Baba, ba murfi ba ne, gwiwata ce."

"To, ki ce mata ta yi shiru."

Na tura faifan cikin na'ura, na danna, na koma kan kujerar roba da littafi a cinya. Da farko ba ka jin komai, sai ka rantse wuta aka ɗauke. Can sai goge ya taso daga ƙasa-ƙasa, wasu gogen suka bi shi, ƙaho ya shigo ta bayansu, kafin ka ankara ɗaki ya cika har kofin shayin da ke bakin taga yana rawa a kan faranti. Minti goma sha biyu Baba bai motsa ba, sai yatsansa ɗaya da ke bugun hannun kujera. Da kiɗan ya tsaya ya ce, "Rubuta. Na ɗaya, masu ƙaho sun yi wa masu goge rashin kunya. Sa na biyu."

Ni tela ce, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ɗakin ɗinkina da falon Baba bango ɗaya suka haɗa, bangon kuwa irin wanda in maƙwabci ya yi atishawa kai ma sai ka goge hanci. Shi tsohon ma'aikacin gidan rediyo ne. Shekara talatin ya yi a bayan gilashi yana daidaita sauti, shi ya sa duk layinmu ke ce masa Injiniya, ko da yake bai taɓa gyara wa kowa ko fanka ba. Kiɗansa ya ishe ni tun ranar da na tare. Ba mawaƙi, ba amshi, ba inda za ka kama ka yi rawa, kuma ba ya ƙarewa. Sau biyu na buga masa bango da gindin almakashi. Sau biyun matarsa, Mama, Allah ya jiƙanta, ta zo ta ba ni haƙuri tana dariya, ta ce ita ma shekara arba'in ke nan tana bugun bangon nan, ta ciki.

Ita ce ta fara yi mini bayani. Wai wani mutum ne can a wata ƙasa, ya rasu tun kafin a haifi kakanninmu, ya tsara dogayen kiɗe-kiɗe guda bakwai da ake ce wa simfoni. Kowanne yana cin kusan awa guda, an yanka shi kashi huɗu, makaɗa wajen tamanin ke taruwa su yi shi, mutum ɗaya yana tsaye a gabansu da 'yar sanda yana nuna musu inda za su yi sauri da inda za su sassauta. Baba yana da akwatin fayafayai uku, duk na bakwai ɗin nan ne, amma masu sanda uku ne daban, kowa da makaɗansa. Na ce ashe yadi ɗaya ne aka kai wa teloli uku. Da Mama ta gaya masa, wai ya ce tun da na tare sai yau na faɗi magana.

Sunayen masu sandan ba sa shiga bakin mutum, don haka Mama ta raɗa musu nata. Akwai Soja, wanda ke kora makaɗa kamar ana fareti. Akwai Ɗan Gayu, komai nasa a goge yake, ba ka jin ko ƙura. Sai Mai Jan Ƙafa, wani tsoho da in ya kama kashi ɗaya sai ka dafa shinkafa ka sauke bai kai ƙarshe ba. Baba yana son ya san wanda ya fi a cikinsu, amma bai yarda da kansa ba, ya ce ido yana yi wa kunne ƙarya. Shi ya sa yake juya baya, Mama ta sa kashi ɗaya daga kowane akwati yadda ta ga dama, ya yanke hukunci, ta rubuta, sannan ta gaya masa wane ne wane. A haka suka yi simfoni biyar cikin shekaru, ba gaggawa. Da ta rasu aikin ya tsaya cik, don mutum ba ya iya ɓoye wa kansa faifan da ya sa da hannunsa. Shekara huɗu littafin yana cikin aljihun tebur.

Abin da ya fito da shi rigima ce. Bayan an sallamo Baba daga asibiti da ciwon zuciya, 'yarsa ɗaya tilo, malamar makaranta ce a wani gari mai nisa, ta zo tafiya da shi. Ni ba na laɓe, amma na gaya muku irin bangonmu.

"Ɗakin da na gyara maka ba zai ɗauki shagon fayafayai ba, Baba. Akwati ɗaya. Ka zaɓi ɗaya mu tafi."

"Ba a zaɓen wannan abu a tsaye, Uwata."

"Ai ka daɗe da zaɓa! Tun ina yarinya, da ka kunna abin nan sai ka rufe ƙofa. In na zo da sakamakon jarrabawa sai Mama ta ce in jira kiɗa ya ƙare. Na girma a bakin ƙofar nan ina jiran kiɗa ya ƙare."

Na ji ta ja jakarta, na ji takalminta a matakala, sai shiru. Ranar ko keken ɗinki ban iya takawa ba, don na ga laifinsa, na kuma ji tausayinsa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Washegari da hantsi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, littafin a hammata, yana haki don 'yan takun nan da ya yi.

"Tela, aron hannunki na zo. Nawa ya fara rawa, kuma ina bukatar wanda zai sa mini faifai ta baya."

"Baba, da ka bi 'yarka da ya fi."

"Ba inda za ni. Likita ya gaya mini abin da bai gaya mata ba." Ya jingina da ƙyaure. "Ta ce in zaɓi ɗaya, to zan zaɓa, amma ba ni zan tafi da shi ba, ita zan bar wa. Ina so ya zama wanda in ta sa wata rana za ta ji abin da na riƙa ji a bayan ƙofar nan. Ba zai wanke ni ba. Amma ta san ba don ƙinta na rufe ba. Saura simfoni biyu."

Ina da ɗinkin mutane jibge, ina da miji da zai dawo ya tarar da tukunya a sanyi. Na ce masa daga la'asar zuwa biyar da rabi, ko minti ɗaya ba zan ƙara ba. Ban taɓa tashi kafin shida ba.

Saboda maganar murfin nan, sai na riƙa fitar da fayafayan tun kafin ya zauna. Na zana da'ira uku da allin ɗinki a kan tebur, na ɗora kowane faifai a tasa, don in ka cire su daga akwati duk kamarsu ɗaya, rubutun jikinsu kuma ba harshen da na sani ba ne. Kullum kashi ɗaya, sau uku. Ina rubutu a ƙasan rubutun Mama, nata ƙanana a jere, nawa kamar kaza ta bi ta kan takarda.

A kwana na uku wani abu ya same ni da ban so ba. Na ji bambanci. Akwai wani wuri da sarewa ke miƙa wa goge magana, Soja ya yanke wurin ƙat, Ɗan Gayu kuwa ya haɗa su har ba ka ganin inda zare ya shiga.

"Baba, na biyun nan ya fi iya haɗa kafaɗa."

Ya juyo gaba ɗaya, abin da ba ya yi. "Me kika ce?"

"Na ce na farkon ya bar bakin zare a waje."

"Shekara goma sha ɗaya kina buga mini bango, ashe kunne gare ki kika ɓoye. Rubuta abin da kika faɗa, ki sa sunanki a gefe."

Mai Jan Ƙafa kuwa kullum shi ne abin zagi. Ko da baya Baba ya juya, kafin a yi nisa sai ka ji ya yi tsaki. "Ga mutumin nan. Allah ya ba mu haƙuri." Ba ya bari a cire, ya ce ko mai laifi ana sauraronsa har ƙarshe, amma hukuncinsa ɗaya ne. Da muka gama simfoni na shida na duba littafin tun daga shafin farko, Soja ya ci uku, Ɗan Gayu ya ci uku, Mai Jan Ƙafa ko ɗaya. Na bakwai ne zai raba gardama.

Sai dai jikin Baba ba ya jiranmu. Ƙafafunsa suka kumbura har silifa ta daina shiga, na yanka masa wata tsohuwa na sa mata roba. Abincin da nake kai masa yana dawowa kusan yadda ya tafi. Wata rana a tsakiyar kiɗa yatsan nan nasa ya daina bugun kujera, na miƙe zumbur, ashe gyangyaɗi ya yi. Na koma ɗakina na nemi lambar Malama, 'yar tasa.

"Yaya, lafiya?" ta ce.

"Ba lafiya ba. Ubanki yana ƙarewa, kuma yana ƙarewa ne a kan aikin da kika ba shi."

"Wane aiki na ba shi?"

Na gaya mata duka, har da da'irar alli.

"Shi ya ce in zo?"

"Kin san shi, zai mutu bai ce ba. Ni na ce."

"Muna tsakiyar jarrabawa, Yaya."

"To. In kun gama, ki zo ki ɗauki akwatinki. Zan ajiye miki."

Na kashe wayar. Na san na yi mata tsauri, amma ban yi nadama ba, kuma ban gaya wa Baba na kira ta ba.

Kwana uku ba labari. Muka yi kashi na ɗaya na simfoni na bakwai, Soja ya ɗauka. Na biyu Ɗan Gayu. Na uku Baba ya ce kunnen doki. Ranar kashin ƙarshe ya sa na kawo masa farar riga, ya ce ba a yanke babban hukunci da singileti. Na taimaka masa ya zauna, na tura masa matashi a baya. Na ce bari in fara da Mai Jan Ƙafa mu rabu da shi, tun Baba yana da sauran ƙarfi. Ya yi tsakinsa kamar kullum, ya daure har ƙarshe, ya ce, "Rubuta. Na ɗaya, an kai gawa ba a dawo ba."

Na cire faifan ke nan yana hannuna aka yi sallama. Na buɗe ƙofa, sai ga Malama da jaka a kafaɗa, idanunta sun yi ja, da gani daga tasha take. Ta leƙa ta ga bayan ubanta, ta ga ƙafafun nan, ta dafe baki.

Baba ya ji muryarta, na ga kafaɗarsa ta motsa, amma taurin kai bai bar shi ya juyo ba.

"Sannu da hanya, Uwata. Muna cikin aiki. In za ki zauna, ga kujera."

Na zaci za ta juya. Ta ajiye jaka, ta ɗauki kujerata ta roba, ta kai ta kusa da tasa, ta zauna ita ma tana kallon bango.

"Tela, sa na biyu."

Kaina ya ɗauki zafi, idona yana kansu, na tura abin da ke hannuna cikin na'ura na danna. Sai da gogen ya taso a hankali, yana jan jiki, sannan na ankara. Na dubi tebur, ga faifan Soja a da'irarsa, ga na Ɗan Gayu a tasa. Mai Jan Ƙafa na mayar. A rana mafi girma, a gaban baƙuwa, na ɓata gwajin da aka yi shekara da shekaru ana ginawa. Na jira tsaki in samu in ba da haƙuri in canza, tsaki bai zo ba.

Malama ta fara da duba agogo. Ta gyara zama, ta dubi silin. Can wajen tsakiya, inda makaɗa ke yin ƙasa da murya har sai ka kasa kunne, Baba ya karkata wajenta. Mutumin da ko gwiwa ba ya bari ta yi ƙara, shi ne yau yake magana a cikin kiɗa.

"Saurara nan. Sarewa za ta shigo ita kaɗai. Daidai nan uwarki ke ajiye biro."

Sarewar ta shigo. Mai Jan Ƙafa ya bar ta ta yi ta tafiya, bai kore ta ba, sauran makaɗan suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya. Malama ta daina duba agogo. Ban ga lokacin da hannunta ya kai kan nasa ba, na dai ga yatsansa yana bugun bayan hannunta maimakon katako. Ni kuma ina tsaye a bayansu, ina lissafin yadda zan faɗi abin da na yi.

Kiɗan ya ƙare. Motar shara ta wuce a titi. Na ce gara in faɗa da bakina.

"Baba, na yi ɓarna. Na farkon na sake sa maka. Mai Jan Ƙafa ne sau biyu."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Shekara talatin ina cin abinci da kunne, Tela. Tun numfashin farko na gane shi."

"To me ya hana ka tsaki?"

Ya yi 'yar dariya, ta zame masa tari, Malama ta riƙa shafa masa baya har ya lafa. "Soja yana gama kashin nan a minti goma sha uku. Wannan sai ya kai sha tara. Yarinyar nan rabon da ta zauna kusa da ni na minti sha tara tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba. Ni zan ce a cire?"

"Kai kake rufe ƙofa, Baba," in ji ta.

"Ni ne. Ba kowa ba ne, ni ne. Ki yafe mini, Uwata."

Ta kifa kanta a kafaɗarsa ta yi kuka sosai, irin na yara. Ni ma na yi nawa a jikin labule, ba zan ɓoye ba. Da ta natsu ya ce in ɗauko biro.

"Rubuta. Akwatin Mai Jan Ƙafa, na Uwata ne."

"Baba, ko ɗaya bai ci ba a littafin nan. Kuma sauran biyun ba a sa su ba."

"A bar su su huta. Shekara ashirin ina zagin bawan Allah, ashe shi jira yake kowa ya iso. Sai yau na ji."

Kwana tara ya ƙara. Malama ta kira makarantarsu ta ɗauki hutu, ta shimfiɗa katifa a falo. Aikina ya ƙare, amma kusan kullum sai na shiga, don yanzu ƙofar a buɗe take wuni. Suka ɗauko akwatin daga simfoni na ɗaya, duk ranar da yake da ƙarfi su ji guda, ba juya baya, ba littafi. Tana tambayarsa sunan wannan kayan kiɗa da wancan, yana gaya mata, wani lokaci su ɓace cikin labarin Mama har faifai ya ƙare ba su sani ba. Ranar da ta ce masa kashi na biyu na simfoni na uku ya sa ta barci, ya ce ai shi ma, shekara ashirin yana jin kunyar faɗa. Sun kai na biyar.

Ya rasu wata Talata da hantsi, bayan ta goge masa fuska ta ba shi shayi cokali uku. Ina kan keke ta shigo, ta zauna a kan tarin yadin mutane, na cire ƙafa daga kan keken. Na yi kewarsa fiye da yadda na zata, har yau in la'asar ta yi sai in ji kamar na makara zuwa wani wuri.

Bayan mako biyu ta kira motar kaya. Akwatin Soja ta aika wa wani tsohon abokin aikinsa, na Ɗan Gayu ta ajiye mini a kan keke tare da littafin, ta ce rabin rubutun ciki ai nawa ne. 'Yan dako biyu suka yi ta sauke kaya tun safe, gado, kabad, tebur, har falon ya koma yana amsa murya. Na shiga in yi mata sallama na tarar saura na'urar kaɗai a ƙasa, a jone da bango, ita kuma tana zaune dirshan a kan siminti a gabanta, akwatin a buɗe a cinyarta.

"Na shida ne, Yaya," ta ce. "Wanda ba mu kai ba. Na ce in ji shi a nan kafin a cire."

Babban ɗan dakon ya leƙo yana share gumi. "Hajiya, saura wannan, direba yana jira."

"Don Allah ku ɗan ba ni lokaci. Mutumin ba ya sauri."

Ya dubi abokinsa, ya dube ni, na ɗaga masa kafaɗa. Suka tsaya a bakin ƙofa da igiya a hannu. Da suka ga abin ba na ƙarewa ba ne, ɗaya ya zauna a kan matakala, ɗayan ya jingina da bango ya cire hula yana fifita da ita a hankali. Na naɗe zanina na zauna a ƙasa kusa da Malama. A waje direba ya yi hon sau ɗaya, sannan muka ji ya kashe mota.